Buzu Bisa Ruwa, Littafi Cikin Ƙura: Nazarin Labaran Waliyyanmu a Madubin Ƙasar Sin

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zamfara ya ji labarin waliyyai tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali. Ni a bakin kakata na fara ji, a tsakar gidanmu da ke Gusau, bayan sallar isha'i. Labarin da ta fi maimaita mana shi ne na wani malami da ya iso bakin gulbi tsakiyar damina, ruwa ya cika ya batse, babu jirgi babu mai fito, sai ya shimfiɗa buzunsa bisa ruwa ya zauna, buzu ya haye da shi. Wata rana na tambaye ta sunan malamin, da garinsu, da littafin da yake karantarwa. Ta yi dariya ta ce, "Maigida, kai dai ka cika tambaya. An ce maka wali ne, mi kaka son ji bayan wannan?"

Wannan amsa ita ce tushen maƙalar nan. Manufarta ita ce nazarin yadda labaranmu na baka da wasu rubuce-rubucenmu ke siffanta wali, da abin da suke adanawa game da shi, da abin da suke zubarwa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa labarin karama ya danne labarin ilimi da hali, har ya kai muna tuna magabatanmu a matsayin masu iko, mun manta da su a matsayin malamai. Domin a ga lamarin da kyau, za a ɗora shi kusa da al'adar Sinawa, al'ummar da ta shafe fiye da shekara dubu biyu tana fama da wannan tambaya. Hausawa kan ce a nemi ilimi ko a birnin Sin. Malaman hadisi sun yi magana kan ingancin wannan zance, amma dai mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai da madubi biyu.

Wajibi ne a faɗi wani abu tun da farko. Kwatanci a nan kwatancin labari ne da yadda jama'a ke tuna mutanen kirki. Ba a daidaita aƙidar tauhidi da wata aƙida ba, kuma ba a musun karama, wadda malaman Sunna suka tabbatar da aukuwarta ga bayin Allah na gari.

Wali da Masani: Namu da Nasu

A harshen malamai, wali shi ne mumini mai tsoron Allah, wanda Allah ya jiɓinci lamarinsa. Ma'aunin a nan imani ne da taƙawa. A harshen kasuwa da dandali kuwa, wali shi ne wanda ake naɗe wa ƙasa, wanda ake gani a sahun Juma'a a Makka alhali da hantsi yana zaurensa, wanda aljanu ke ɗaukar karatu a gabansa. Tsakanin ma'anar farko da ta biyu akwai tazara mai faɗi, kuma ta biyun ce ta fi yawo a bakin jama'a.

Sinawa sun raba abin da mu muka haɗa cikin kalma guda zuwa gida uku. Na farko shi ne wanda suke kira shengren, wato cikakken mutum wanda hikimarsa da halinsa suka kai matuƙa, har ya zama ma'auni ga na baya. Babban misalinsa shi ne Konfushiyas, wanda su suke kira Kongzi, da ya rayu daga shekara ta 551 zuwa ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na biyu shi ne shiyan, wanda a aƙidar mabiya tafarkin Dao ya horar da jikinsa da ruhinsa a keɓe cikin duwatsu, har suka ɗauka ya tsere wa mutuwa. Labaran irin waɗannan cike suke da tashi sama da tafiya bisa teku. Na uku shi ne shen, mutumin da ya mutu, jama'a suka gina masa ɗaki suna kai masa buƙatunsu, har ya zama abin bauta.

Amfanin wannan rabo ga mai nazari shi ne yana fito da bambancin dangantaka. Shengren koyi ake yi da shi. Shiyan mamakinsa ake yi. Shen roƙonsa ake yi. Mengzi, wanda ya fi kowa shahara cikin magada tunanin Konfushiyas, ya koyar da cewa kowane mutum na iya kai matsayin Yao da Shun, sarakunan dauri da Sinawa ke ɗauka a matsayin gwanayen hikima, muddin ya bi halinsu. Ke nan ƙofar zama shengren a buɗe take ga manomi da ɗan sarki. To idan aka auna labaranmu da wannan ma'auni, tambayar ita ce: wali a bakin Bahaushe abin koyi ne, ko abin mamaki, ko abin roƙo? Yaron da ya ji labarin buzu ba shi da abin da zai kwaikwaya, domin ko ya shimfiɗa nasa buzun a gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau, nutsewa zai yi.

Yadda Labari Ke Gina Wali

Labarin wali yana da tubala da ake maimaitawa, kamar yadda tatsuniya ke da nata. Akwai haihuwa ta ban mamaki, akwai alama tun ana ƙarami, akwai karo da sarki ko da malami mai girman kai, akwai cin nasara ta hanyar da hankali bai saba ba, sannan akwai kabari da ke ci gaba da jan jama'a. Wanda ya san waɗannan tubala zai gane su a Katsina, zai gane su a Sin.

A ɗauki Wali Ɗan Marina na Katsina, wanda ya rayu a ƙarni na 17. Labarin da ya yaɗu a kansa shi ne mahaifiyarsa ta rasu da cikinsa, aka binne ta, aka haife shi cikin kabari, yana fitowa yana wasa a marina har masu rini suka kama shi, daga nan sunan ya samo asali. Amma sunansa a rubuce-rubucen Larabci Ibn al-Sabbag ne, wato ɗan marini. Sunan da kansa bayani ne mai sauƙi, sai labari ya ga sauƙin bai dace da girman mai sunan ba, ya yi masa ado. Haka ta faru da Lawzi, wanda mabiya Dao ke ɗauka a matsayin jagoransu. Sunansa na iya nufin tsohon malami, yana kuma iya nufin tsohon yaro. Daga ma'ana ta biyu aka gina labarin cewa ya daɗe cikin mahaifiyarsa, wasu suka ce shekara 81, aka haife shi da furfura. A wuraren biyu suna ne ya haifi labari.

Ba laifi ba ne al'umma ta yi wa gwaninta ado, domin labarin baka hanyar nuna ƙauna ce, kuma ba don shi ba da sunaye da yawa sun ɓace. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da adon ya rufe. Ɗan Marina marubuci ne, yana da waƙar Larabci mai suna Mazjaratul Fityan da ke kwaɗaitar da matasa neman ilimi. Abokin zamaninsa, Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishiriniya, ya kuma yi sharhin Ishmawi, littattafai biyu da har gobe ake karantawa a zaurukan Gusau da Bungudu. Ɗalibai nawa ne cikin masu rera Ishiriniya da watan Mauludi suka san cewa wani Bakatsine ya yi mata sharhi fiye da shekara 350 da suka wuce? Mutum dubu za su ba ka labarin kabari da marina kafin guda ya ambaci sunan littafi. An riƙe reshe an saki tushe.

Rubutaccen adabinmu ma ya kasu gida biyu a kan wannan. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta Raudul Jinan, inda ya tattara karamomin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma jero mutanen da suka kewaye shi. Muhammadu Bello kuwa, a Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya ba da fili ga malaman ƙasashen Sudan da ayyukansu, ya siffanta yadda mahaifinsa ke zama da jama'a da yadda yake wa'azi. Dukansu biyu shaidu ne na kusa, kuma kowane littafi na da darajarsa. Sai dai idan aka saurari abin da ya sauko daga littattafan nan zuwa bakin masu wa'azin kasuwa da masu bara, za a tarar sashen karamomi ne ya yi tafiya mai nisa. Jerin malamai da ɗalibai, da bayanin haƙurin Shehu da masu tambaya, sun tsaya cikin gafaka.

Mutum Biyu da Suka Ƙi Rigar da Aka Ɗinka Musu

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan karkata ta fito ne daga bakin waɗanda ake ba da labarinsu. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, ya ji abin da ake faɗa a kansa tun yana raye. A littafinsa Tahzirul Ikhwan ya kore cewa shi ne Mahadi, ya kuma ambaci cewa mutane na yaɗa yana tashi sama, yana tafiya bisa ruwa, ana naɗe masa ƙasa zuwa Makka da Madina, aljanu na yi masa hidima, ya bayyana cewa ya yi waƙoƙi da ajami don ya warware waɗannan zantuka. Wannan magana ta fito ne daga cikakken Baƙadire wanda ya yarda da waliyyai, wanda da kansa ya rubuta abin da ya gani na haɗuwa da Shehu Abdulƙadir Jilani yana ɗan shekara 40. Ya san karama, amma ya ƙi a mayar da ita ma'aunin aikinsa. Aikin da ya tsaya a kai shi ne karantarwa. Kimanin shekara biyar ya yi a nan ƙasar Zamfara yana yawon wa'azi, yana koya wa maza da mata farillan alwala da salla. A Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma yi hani ga yanka wa duwatsu da itatuwa.

Abin mamaki, haka almajiran Konfushiyas suka ruwaito game da malaminsu. Sun ce ya ƙi amsa sunan shengren, ya siffanta kansa da mai nema ba ya gajiya, mai koyarwa ba ya ƙosawa. Sun kuma ce ba ya zance kan abubuwan al'ajabi da iskoki. Duk da haka, bayan mutuwarsa sai aka mayar da gidansa da ke Cufu wurin ziyara. A shekara ta 195 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sarkin da ya kafa daular Han ya je can ya yi yanka, sarakunan baya suka yi ta jibga masa laƙabi, aka cika ɗakunansa da gumaka. Sai a 1530 wani sarkin daular Ming ya ba da umarni a fitar da gumakan, a maye gurbinsu da alluna masu ɗauke da sunansa, aka tsayar da laƙabinsa a kan malanta. Ko ma mene ne dalilin sarkin na siyasa, sakamakon shi ne an tuna wa jama'a cewa mutumin nan malami ne.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne jama'a ta fi son gwaninta ya yi nisa. Idan Shehu tashi sama yake yi, to babu wanda zai zarge ni don ban kai shi ba. Idan kuwa mutum ne da ya zauna ya yi karatu a gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye, ya rubuta littattafai fiye da ɗari, to rayuwarsa ta zama hujja a kaina. Labarin karama kan sauke wa mai sauraro nauyi, shi ya sa ya fi daɗin ji.

Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta nuna akwai wata hanyar. A waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi (SAW) da Rabi'atul Adawiyya har zuwa matan da ta sani da idonta, kuma abin da ta fi yabawa a wurinsu shi ne karatu, da karantarwa, da kyauta, da sulhunta mutane. Macen da ta ji wannan waƙa a bakin jaji cikin 'yan taru ta samu abin da za ta aikata gobe da safe. A nan waliyya ta sauko ta zama maƙwabciya.

'Yandoto: Garin da Ya Rasa Mai Ba da Labari

Idan labarin karama ya rufe wasu malamai, akwai waɗanda ko wannan rufin ba su samu ba. A kan hanyar Gusau zuwa Tsafe akwai 'Yandoto. Ƙarnoni kafin jihadi, garin nan cibiyar ilimi ne da ɗalibai ke nufa daga nesa, kuma tarihin baka na Katsina ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito. A wajen 1806 Muhammadu Bello ya iso da rundunarsa, malaman garin ba su karɓi kiran jama'ar Shehu ba, aka ci garin da yaƙi. Daga baya Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. A amsar da ya ba shi, Bello ya ba da labarin wani gari da aka ci, inda ya ga iska na watsa takardu, ya bi yana tsincewa da hannunsa cikin ɓacin rai. Masana tarihi da dama na ganin 'Yandoto yake nufi. Bayan faɗuwar garin ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a wajen 1811.

Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci tsakanin Bello da malaman 'Yandoto. Abin lura shi ne yadda tunawa ke bin nasara. Waɗanda suka ci yaƙi sun samu masu rubuta darajojinsu. Waɗanda aka ci sun tafi da sunayensu da takardunsu. Sunan garin ya rayu a sarautar Tsafe, inda ake kiran sarki 'Yandoton Tsafe, amma a tambayi ɗalibin sakandare a Tsafe ya kawo sunan malami guda na tsohuwar 'Yandoto da fannin da ya ƙware a kai, a ga tsawon shirun da zai yi. Ni kaina na bi ta garin a mota ba sau ɗaya ba sau biyu ba, ban san abin da nake wucewa ba sai da na shiga jami'a.

A nan ne Sinawa suka yi mana nisa. Tun zamanin da, gundumominsu kan rubuta kundin tarihin yankinsu, a sabunta shi lokaci bayan lokaci, kuma a ciki akan ware babi na mutanen kirki na wurin: malamai, da alƙalai masu gaskiya, da 'ya'ya masu biyayya ga iyaye. Dubban irin waɗannan kundaye suna nan har yau. Bugu da ƙari, jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wadda ta ɗore fiye da shekara dubu kafin a soke ta a 1905, an gina ta ne bisa littattafan Konfushiyas da magadansa. Tsarin yana da aibinsa, domin ya haifar da haddar da ba ta barin tunani ya motsa. Duk da haka ya tabbatar da cewa ba a raba sunan malami da littafinsa ba.

Masu Riƙo da Masu Rushewa

Mai karatu zai iya cewa ai an daɗe da magance wannan matsala, tunda an samu masu wa'azin da suka yaƙi wuce gona da iri kan waliyyai. Gaskiya ne tun daga karatun Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, wanda ya rasu a 1992, zuwa kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawara kan tawassuli da ziyarar kaburbura ta shiga kowane lungu na Gusau. Musulmin Sin ma sun yi irinta. A garin Linshiya da ke lardin Gansu akwai hubbaren Ci Jingyi, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1719, kuma irin wannan gini gongbei suke ce masa, kalmar da ake dangantawa da ƙubba ta Larabci. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malami mai suna Ma Wanfu ya dawo daga Makka ya kafa tafiyar Ihwani, wadda ta yi suka ga girmama waɗannan hubbarori.

Hukuncin wannan saɓani na malaman fiƙihu da aƙida ne. Abin da mai nazarin adabi ke gani shi ne ɓangarorin biyu sukan haɗu a wuri guda ba tare da sun lura ba: dukansu kabari da karama suke kallo, ɗaya yana karewa ɗaya yana suka. Matashin da aka ce wa wali mai naɗe ƙasa ne, da wanda aka ce wa labarin waliyyai tatsuniya ce, sukan tashi babu wanda ya buɗe sharhin Ɗan Masani. Rushewa kuma ba ta gina komai da kanta. A 1966, lokacin juyin al'adu na Sin, matasa sun auka wa Cufu, suka farfasa alluna suka tone kaburbura. Daga baya gwamnatin ƙasar ce ta buɗe cibiyoyi da sunan Konfushiyas a jami'o'in duniya, har da Nijeriya.

Akwai misali na uku daga Musulmin Sin da ya cancanci tunani. Liyu Ji, malamin birnin Nanjin da ya rayu a farkon ƙarni na 18, ya rubuta tarihin Annabi (SAW) da harshen Sinanci, ya kira shi da laƙabin da ke nufin mafi cikar masu hikima. Ya duba kalmomin da mutanensa suka sani, ya tsallake na masu tashi sama da na ababen roƙo, ya zaɓi ta wanda ake koyi da shi.

Abin da Muke Asara

Wannan magana ta wuce ta adabi, domin yadda al'umma ke tuna mutanen kirkinta shi ke tsara abin da take nema a wurin malamanta na yau. Tun kafin Musulunci ya kafu, Bahaushe na da wuraren kai buƙata, daga Dala ta Barbushe a Kano zuwa dutsen Kwatarkwashi da ke ƙasar Bungudu. Dabi'ar neman mai iko da zai tsaya wa mutum tsohuwa ce, kuma idan ba a kula ba sai ta sake riga ta zauna a zauren malam. Wanda ya tashi da sanin cewa alamar kusanci da Allah ita ce iko bisa abubuwa, idan ya je wurin malami iko zai nema: laya, da guru, da maganin ƙarfe.

Sinawa na da misalin inda wannan hanya ke ɓullewa. Guwan Yu jarumin yaƙi ne da aka kashe a wajen shekara ta 220, aka yabe shi da riƙon amana, sannu a hankali ya zama abin bauta. A birnin Hong Kong an san 'yan sanda da ajiye siffarsa, an kuma san ƙungiyoyin 'yan daba da ajiye ta, kowa na neman kariyarsa a kan ɗan'uwansa. Da zarar gwani ya zama tushen iko kawai, halinsa ya daina hukunta kowa. Mu da ke Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. A shekarun nan da hanyar Tsafe ta zama abin fargaba, kowa ya ji yadda mai ɗauke da bindiga a daji da mai tsaron gari duk suke ɗaure da layu, kowanne na fatan albarka ta bi shi. Buzun da ke haye ruwa ba ya tambayar wanda ya hau shi ina za shi. Littafin Shehu kuwa yana tambaya, domin a ciki an haramta zalunci, da cin dukiyar talaka, da zubar da jini ba bisa haƙƙi ba.

Kammalawa

Maƙalar nan ta bi sawun wali a labaranmu, ta tarar karama ce ta yi rinjaye a kan ilimi da hali. Ta nuna cewa Shehu Usmanu da kansa ya yi gargaɗi a kan haka, cewa Nana Asma'u ta bar mana samfurin yabon da ke haifar da koyi, kuma 'Yandoto shaida ce ta abin da ke faruwa idan babu mai rubutawa. Manyan sufaye da kansu sun sha faɗa cewa tsayuwa bisa gaskiya ta fi karama daraja, don haka kiran a mayar da hankali ga hali da ilimi kira ne daga cikin gida.

Aikin da ya rage na masu alƙalami ne. Zamfara ta zama jiha tun 1996, Gusau ta samu jami'ar tarayya a 2013, ga kuma masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da zuriyar malamai masu gafakoki a ɗakunansu. Ya kamata kowace masarauta ta sa a rubuta kundin malamanta da Hausa: wane ne, wa ya karantar da shi, me ya karantar, su wa ya yaye, wace rigima ya kashe, wane sarki ya faɗa wa gaskiya. A haɗa da mata masu makarantun cikin gida, waɗanda ba a taɓa yi wa kirari ba. A rubuta labaran karama su ma, a matsayinsu na abin da jama'a ta faɗa, a ajiye su kusa da sauran. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna ƙarewa, wasu kuma rashin tsaro ya raba su da garuruwansu da takardunsu.

Kakata ta rasu ban samu sunan mai buzu ba. Idan Allah ya ba ni jikoki zan ba su labarinsa yadda ta ba ni, domin gado ne. Fatana shi ne ranar da ɗayansu ya tambaye ni me malamin ya karantar, ya kasance akwai littafin da zan miƙa masa.